Bayan binne gawa, me ake komawa yi a tuddan kaburburan mutanen da?

Ɗan'uwa ka yi tambaya kan waɗannan manyan tuddai da mutanen zamanin dutse suka tara a Turai da wasu sassan duniya, waɗanda ake cewa kaburbura ne, kace shin da an binne mutum shikenan kowa ya watse kamar yadda muke yi a maƙabarta, ko kuwa akwai wani abu da ake komawa ana yi a wurin. Toh ana komawa, kuma sosai ma. Na daɗe ina karantar da wannan fanni na haƙar kayan tarihi, kuma abin da nake fara faɗa wa ɗalibai kullum shine in kana son sanin amfanin tudun kabari kar ka fara da leƙa cikinsa, ka fara da duba bakin ƙofarsa, don a nan rayayyu suka bar sawunsu. Kamar gidan Bahaushe ne, wanda ya san cikin ɗaki kawai bai san zaure da ƙofar gida ba ai bai san inda ake ɗaurin aure da raɗin suna da sasanta rigima ba.

Bari na fara da wanda na fi sani, West Kennet da ke kudancin Ingila kusa da ƙauyen Avebury. Dogon tudu ne mai tsawon kusan mita 100, an gina shi wajen shekara 3650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a gefensa na gabas akwai ɗakuna biyar na dutse. Stuart Piggott da Richard Atkinson suka haƙa shi a 1955 zuwa 1956. Da aka sake auna ƙasusuwan da gwajin kabon, wanda ake gane shekarun abu da shi, aka fitar da sakamako a 2007, sai aka ga mutanen da aka fara sakawa ciki wajen 36 ne kacal, kuma duk an zuba su ne cikin shekara 10 zuwa 30, wato ko tsawon rayuwar mutum ɗaya bai kai ba. Amma kasan shekara nawa mutane suka ci gaba da zuwa wurin bayan nan? Kusan shekara dubu. Suna zuwa suna zuba farar ƙasa da toka da fasassun tukwane da ƙasusuwan dabbobi da duwatsun ado a cikin ɗakunan kaɗan kaɗan, kuma tukwanen ma kala kala ne na zamani daban daban, da haka aka gane ba rana ɗaya aka cika wurin ba, sai da ɗakunan suka cika har rufi sannan aka jawo wasu manya manyan duwatsu aka toshe ƙofar. Kaga kenan jana'iza ta ci shekara 30, sauran hidimar ta ci shekara dubu. In aka ce maka wannan wurin kabari ne kawai ai an faɗa maka ɗan ƙaramin yanki na labarin.

Wani abu kuma da ya ɗaure wa masu haƙar kai, da aka ƙirga ƙasusuwan sai aka ga ƙoƙunan kai da dogayen ƙasusuwan ƙafa ba su cika ba, akwai gangar jiki amma kan babu. Sannan a wani tsauni da ke kusa da ake kira Windmill Hill, inda mutanen wancan zamani ke taruwa suna yanka shanu suna ci, an samu gutsattsarin ƙoƙon kan mutane da dogayen ƙasusuwa a cikin ramukan da suka kewaye wurin. Daga nan aka fara tunanin cewa ana shiga tudun ne a ɗauko ƙashin kaka a kai shi wurin taro, ya halarci biki tare da jikokinsa. Akwai masu ja da wannan fassarar, amma abin da babu ja a kai shine an bar ƙofar a buɗe da gangan, ana shiga ana fita, ana jera ƙasusuwa ana ture na da gefe. Mu a wurinmu wannan abu ne mai tayar da tsigar jiki don addininmu ya koya mana suturta mamaci a barshi ya huta, su kuwa a wurinsu mamaci bai gama zama ɗan gari ba.

Sai maganar rana, wadda ita ce ta fi shahara. A ƙasar Ayalan a bakin kogin Boyne akwai Newgrange, an gina shi wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi manyan dalolin Masar. Faɗinsa ya kai mita 85, an kewaye gindinsa da manyan duwatsu 97, akwai wani siririn lungu mai tsawon mita 19 da ke kai mutum ɗakin tsakiya. Farfesa Michael O'Kelly ya yi aikin haƙa a wurin daga 1962 zuwa 1975, kuma a saman ƙofar ya tarar da wata 'yar taga ta dutse da ba a san amfaninta ba. Mutanen yankin suna ta faɗa masa cewa wai akwai ranar da rana ke shiga har cikin ɗakin, shine ranar 21 ga Disamba 1967, lokacin da dare ya fi tsawo a shekara a can, ya shiga shi kaɗai da asuba ya tsaya a cikin duhu. Rana na ɓullowa sai wani siririn haske ya ratso ta tagar nan, ya biyo ƙasan lungun kamar an ja zare, ya iso tsakiyar ɗakin ya faɗaɗa har yana iya ganin zanen da ke jikin duwatsu da rufin da ke samansa, bayan kamar minti 17 hasken ya sake tsukewa ya janye, duhu ya dawo. Yanzu ka tsaya ka yi tunani, lungun hawa yake yi a hankali, don haka hasken da ya shiga ta ƙofa ba ya kaiwa ciki, sai wanda ya shiga ta tagar da ke sama, wato maginan sai da suka lissafa tudun ƙasar da tsayin tagar da inda rana ke fitowa a bayan tsaunin da ke tsallaken kogi. Kuma O'Kelly ya samu wani farin dutsen ƙanƙara a bakin tagar da alamun gogewa a wurin, alamar ana jawo shi ana mayarwa sau da yawa, ana buɗewa ana rufewa. Wa zai yi wannan wahalar saboda jana'izar da za a yi sau ɗaya? Wannan abu ne na shekara shekara. Ga manomi da ke ƙasar da sanyi ke kashe komai, rana na gajarcewa kullum kamar za ta tafi ba dawowa, ranar da ta juyo babbar rana ce, kuma sun zaɓi su karɓe ta a ɗakin kakanninsu. Maeshowe da ke tsibiran Orkney a arewacin Sikotilan shi ma haka ne, sai dai shi faɗuwar rana yake kallo a daidai wannan lokacin na hunturu.

Kuma ɗakin Newgrange mutum nawa zai ɗauka? Ashirin da 'yan kai sun cika shi. Sauran jama'a a waje suke, shi yasa nace maka bakin ƙofa. Dutsen da ke kwance a gaban ƙofar shine wanda aka fi ƙawata shi da zane mai murɗe murɗe, don mutanen waje aka yi shi. Bayan wasu ɗaruruwan shekaru, wajen 2500, lokacin an daina shiga ciki, sai wasu suka zo suka kafa wani babban da'ira na ramuka da ginshiƙan itace a gefen tudun, an samu ƙonannun ƙasusuwan dabbobi a ramukan, wato yanka da gashi da taro sun ci gaba a waje. Can kuma bayan shekara dubu uku da gina shi, a zamanin Rumawa, wasu suka riƙa zuwa suna binne tsabar kuɗin Rumawa har da na zinare da zobba da sarƙoƙi a kusa da ƙofar, alhali Rumawa ba su taɓa cin ƙasar Ayalan da yaƙi ba. Ba wanda ke zubar da zinare a banza, baiko ne ake kai wa wanda aka yi imani yana zaune a ciki, don a tatsuniyoyin Ayalan tudun gidan wani abin bautarsu ne mai suna Dagda da ɗansa Oengus.

Abin da zai ƙara tabbatar maka shine tuddan da ba kowa a cikinsu. A nan kusa da Avebury akwai dogayen tuddai biyu, South Street da Beckhampton Road, siffarsu iri ɗaya da ta kaburbura amma da aka haƙa ko ƙashin mutum ɗaya ba a samu ba, a Beckhampton Road kawunan shanu uku aka tarar an jera a tsakiyar tudun. Wannan na shanu yana burge ni don mu ma Afirka muna da shi, har ma namu ya girme. A Nabta Playa a hamadar kudancin Masar an samu tsibin duwatsu da aka binne saniya sukutum a ƙarƙashinsa cikin ɗaki da aka shafe da yumɓu, shekara sama da 7000 da suka wuce, lokacin Sahara na da ruwa da ciyawa. A tsaunukan Messak na Libiya ma Savino di Lernia da abokan aikinsa sun haƙa irin waɗannan gine ginen dutse suka samu ƙasusuwan shanu da aka yanka aka ƙona. Makiyayi ya yanka saniya, jama'a sun taru sun ci, an tara duwatsu a kan ragowar don a tuna. Ginin tsibin nan ya riga binne mutane a cikinsa a wannan yankin, daga baya ne aka koma saka mutane.

Sai Silbury Hill, wanda daga West Kennet kana hango shi. Tudu ne da hannu ya tara, tsayinsa ya haura mita 30, an yi shi wajen 2400 da ƙahon barewa a matsayin diga da kwanduna. Mutanen yankin sun ce wai wani sarki Sil ne a ciki a kan dokin zinare. A 1776 aka kawo masu haƙar ma'adinai suka fasa rami daga sama har ƙasa, a 1849 aka sake yin wani ta gefe, a 1968 zuwa 1970 Atkinson ya sake shiga BBC na ɗauka, ba sarki ba doki ba gawa. Abin takaici ramukan nan ba a cike su da kyau ba, a shekarar 2000 saman tudun ya rufta sai da aka yi babban gyara a 2007, kuma a wannan gyaran ne aka gane cewa tudun ba tashi ɗaya aka yi shi ba, ɗan ƙaramin tsibin tsakuwa ne aka fara, aka riƙa ƙarawa ana ƙarawa zuriya bayan zuriya. Jim Leary da ya jagoranci binciken yana ganin tara ƙasar ita kanta ita ce ibadar, kowa ya zo da kwandonsa ya zuba. Ni na yarda da shi, don duk wanda ya taɓa zuwa aikin gayya ya san ba gonar kaɗai ake nomewa ba, zumunci ma ana nome shi, ana ganin wa ya zo wa bai zo ba. A Amurka ma a Poverty Point da ke jihar Louisiana akwai tudu mai tsayin mita 22 da mafarauta da masunta suka tara shekara 3000 da ɗoriya da suka wuce, binciken ƙasar ya nuna cikin ƙasa da wata uku aka gama shi don ba alamar ruwan sama ya zauna tsakanin zubi da zubi, kuma ba a samu kabari a ciki ba.

Yanzu bari na zo kan wanda ya fi kusa da mu, kuma a ganina ya fi kowanne bayyana abin da ake nema a wurin matattu. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wata ƙabila a Libiya da ake kira Nasamon, yace in za su yi rantsuwa sai su dafa kabarin mutumin da aka sani da gaskiya a cikinsu, in kuma suna neman sanin abin da ke ɓoye sai su je kabarin kakanninsu su yi roƙo su kwanta barci a kai, duk abin da suka gani a mafarki shi za su bi. Toh bayan shekara sama da dubu biyu, wani Bafaranshe Henri Duveyrier da ya zauna da Buzayen arewa ya rubuta a 1864 cewa a kusa da garin Ghadames na Libiya in maza sun yi nisa a tafiyar fatauci ko yaƙi an daɗe ba labari, mata kan ci ado su je su kwanta a kan tsoffin kaburburan dutse, waɗanda Buzaye ke kira idebnan, su kira mai kabarin ya zo musu a mafarki da labarin mazajensu. Ka duba fa, matan nan ba su san wa ke cikin kabarin ba, ba kakansu ba ne, tsufan wurin kawai ya isa. Kuma gine ginen sun goyi bayan labarin, don a Sahara akwai tuddan da aka yi musu ɗan ɗaki a jiki ta gabas wanda ba ya haɗe da inda gawar take, mutum zai iya shiga ya kwanta, kamar na Djorf Torba a yammacin Aljeriya inda aka samu allunan dutse masu zanen dawaki da mutane a cikin ɗakin. Gabriel Camps, wanda ya ƙare rayuwarsa kan tarihin Berber, wato asalin mutanen arewacin Afirka, ya fassara su a matsayin ɗakunan kwanan neman mafarki. Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa cikin duwatsun Azbin ya ga irin waɗannan tsibin duwatsun birjik a gefen hanya. Ba sai na faɗa maka ba wannan a Musulunci shirka ce, ina kawo shi ne don ka ga me ɗan Adam ke yi da kabari in ba shi da wahayi, yana mayar da shi ƙofar tambaya. Al-Bakri ma da ya rubuta labarin daular Ghana ta da a 1068 yace in sarkinsu ya mutu sai a yi masa rumfar itace a tara ƙasa a kai har ta zama tudu, kuma suna yi wa matattunsu yanka suna kai musu giya.

Akwai kuma maganar ƙasa da gado. A Hazleton North a Ingila gwajin DNA da aka fitar a 2021 ya nuna cikin mutum 35 da aka auna 27 'yan gida ɗaya ne, zuriya biyar, daga mutum ɗaya da mata huɗu da ya haihu da su. Tudun kenan shaidar gidan ce a kan wannan ƙasar, duk baƙon da ya hango shi ya san da masu wuri. Sarkin Sitiyawa ma, wasu makiyaya mahaya dawaki da sarki Dariyus na Farisa ya kore su cikin dajin arewacin Bahar Aswad suna ta ja da baya, amsar da Herodotus yace ya aika masa ita ce ba su da birni ko gona da za su tsaya karewa, amma ya nemo kaburburan iyayensu ya taɓa ya gani ko za su yi faɗa.

Sai dai a nan dole na ja maka kunne kan kuskuren da ake yawan yi, wato haɗa abin da maginan suka yi da abin da na bayansu suka yi. Tudu yana daɗewa fiye da harshen waɗanda suka gina shi, kowace al'umma ta zo sai ta ba shi sabon aiki. A Tara ta Ayalan ƙaramin kabarin zamanin dutse ya zama cibiyar wurin da ake danganta naɗin manyan sarakunansu da shi, har a 1843 ɗan siyasarsu Daniel O'Connell ya zaɓi wurin ya tara dubban mutane don neman 'yancin ƙasar. A Ingila ta zamanin Saksan, mutanen da suka mamaye ƙasar bayan tafiyar Rumawa, ana zaman shari'a da taron gunduma a kan tsoffin tuddai, da Kiristanci ya kafu kuma sai aka koma ganinsu gidan aljanu, har ya zama can ake kai masu laifi a kashe, a Walkington Wold da ke Yorkshire an samu gawarwakin mutane sama da goma, yawancinsu an fille musu kai, a jikin tudun da ya girme su da shekara dubu biyu, ƙoƙunan da yawa ba muƙamuƙi, alamar an soke su a sanda an bari har suka ruɓe. Wani tudun kuma tun a takardar 955 ake kiransa maƙerar Wayland, wai in ka ɗaure dokinka ka ajiye kwabo ka tafi, kafin ka dawo maƙerin ɓoye ya saka masa takalmin ƙarfe. A Cangas de Onís ta Sifen coci aka ɗora a kan kabarin dutse a shekarar 737, har yau in ka shiga kana leƙa shi ta ƙasa. Silbury ma a ƙarni na 18 mutanen ƙauye na hawa kansa ranar Lahadin da ke gabanin Ista su ci waina da ɓaure su sha ruwan sukari. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba ɗayansu da ke gaya maka abin da ke zuciyar wanda ya ɗauki kwandon farko.

Mu ma muna da namu a Durɓi Takusheyi kusa da Mani a jihar Katsina, sunan ma ya faɗa maka, kusheyi. Su ba su kai waɗancan tsufa ba, na wajen ƙarni na 13 zuwa na 16 ne, wani Baturen mulki mai suna Palmer ya haƙa a 1907 aka sake haƙawa a 1992 aka samu tasoshin tagulla da suka zo daga ƙasashen Musulmi na gabas da wuri da hauren giwa da zinare. Labarin baka ya danganta su da sarakunan Durɓawa, kuma har gobe Durɓi na cikin masu zaɓen Sarkin Katsina.

Abin da ke ci min rai, a can da nan duka, shine yadda ake haƙar waɗannan wurare. Turawan ƙarni na 18 da 19 sukan fasa tudu ta tsakiya da safe su kwashe abin da ke ciki kafin la'asar, masu neman dukiya a Sahel ma yau haka suke yi, kowa tsakiya yake nufa, ƙasar da ya haƙo kuma sai ya watsa ta a bakin ƙofa ya tattake wurin. Alhali murhun da aka hura, da ramin da aka kafa ginshiƙi, da tukunyar da aka kife, da muƙamuƙin dabbar da aka yanka duk a nan gaban suke, a cikin ƙasar da ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, kuma da an birkita ta shikenan ba mai iya sake karanta ta. Ranar da na shiga West Kennet da kaina, don a buɗe yake ba mai gadi, sai da na sunkuya na bi ta bayan manyan duwatsun da aka toshe ƙofar da su, a ɗakin ƙarshe na tarar da guntun kyandir da busassun furanni da 'yar ƙwarya ta hatsi da wani ya ajiye a lungun dutse, baƙin hayaƙin kyandir ya ɓata rufin, masu kula da wurin suna ta roƙon a daina kunnawa don zafin na fasa dutsen.